Kun katse likita, kun ba mai saiwa fili

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na daren Laraba ya ɓata mini rai. Likita na tsakiyar bayanin dajin maƙogwaro mai gabatarwa ya katse shi, ya ba wani mai magani layi, wai zuma da habbatus sauda da garin wata saiwa suna narkar da ƙullutun. Ba wanda ya tanka masa, har godiya aka yi masa!

Irin wannan zance ne ya cinye mana lokaci da Innarmu. Nama ya fara tsaya mata, sai kisra, sai asida. Wasu suka ce gyambon ciki ne, wasu suka ce sammu, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Har ta kai kunu ma dawowa yake, ta ajiye gwangwani ƙarƙashin angareb, gadon igiya, tana tofar da yawu, awarwaronta na zamewa daga hannu saboda rama. Da aka zura mata minzar, bututun leƙa ciki mai kyamara, aka ciro ɗan nama aka auna, aka ɗauki hoton ƙirji da ciki, likita ya ce ciwon ya riga ya kai hanta. Da mun zo da wuri, in ji shi, kimawi (maganin kashe ƙwayoyin daji) da gashi (ƙona ƙullutun da hasken na'ura) za a fara, sannan a yanke wurin a jawo tumbi sama a haɗa. Abin da ya rage shi ne da'ama, wani ɗan bututun ragar ƙarfe da ake sakawa ya buɗe hanyar abinci. Ranar da ta haɗiye madida, kunun nan namu, ba ta dawo ba, ƙanwata kuka ta yi. Nan likitanku ya dosa kuka toshe masa baki.

Ga shi tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 cibiyar daji ta Khartum ta tsaya, ta Wad Madani ta bi baya a Disamba, mutanenmu suka koma neman gashi har Marawi, can arewacin ƙasar. Mai irin wannan tafiya a gabansa za ku ce wa ya zauna ya sha saiwa? Ku dawo da likitan nan, ku bar shi ya gama, ya gaya wa masu sa tumbak, garin tabar da ake sawa a baki, da masu kurɓar shayi yana tafasa abin da ke jiransu.

Sannan don Allah ku matsar da shirin. Daidai kiran Isha'i kuke farawa, kafin mu dawo masallaci rabi ya wuce.

Mai sauraronku,
daga Gadarif