Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Legas

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu ma'aikatan ɗakin gwaji ne, kuma kukanmu kan tundurmi da gwaiwa ne a unguwannin da jama'armu Hausawa suke, irin su Agege, Mile 12 da Idi-Araba. Sauro ke yaɗa tsutsar da ke kawo su, takan kuma shafe shekaru a jiki shiru. Ƙafa in ta riga ta yi kauri, fata ta yi kaushi, magani ba ya mayar da ita yadda take.

Gwajin jini na kama cutar tun da wuri, amma sai an ɗibi jinin a kan lokaci. 'Ya'yan tsutsar kan lafe a jijiyoyin huhu da rana, sai tsakanin ƙarfe 10 na dare zuwa 2 suke fitowa. A lokacin ake tsira yatsa, a shafa jini da kauri a gilashi, ya bushe, a rina shi da ruwan rini na ɗakin gwaji mai suna Giemsa, a duba. Jinin hantsi kuwa sai ya fito fes, ɗan dako ya koma kemis yana shan maganin zazzaɓi.

Akwai mafita mai sauƙi, wato tsinken gwajin FTS mai gano alamar tsutsar a jini, wanda ake yi ko da rana tsaka. Jini maikurolita 75 yake buƙata, a karanta daidai minti 10. In aka bar shi ya jima, layin ƙarya na iya bayyana. Muna roƙon a wadata cibiyoyin lafiya na matakin farko da shi, a kuma ware wasu da za su riƙa ɗibar jinin dare.

Sannan a ja hankalin likitoci kan ƙwayoyin iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da kan ƙaru in akwai tsutsa a jiki, a takardar ƙidayar jini. In sun haura 500 a maikurolita, a nemi tsutsa, a duba bayan gida, a tace fitsari saboda tsargiya.

Wanda ya zauna a dazuzzukan kudu, a duba jininsa na rana kafin a ba shi maganin tsutsa na Mectizan, domin in tsutsar ido ta Loa ta yi yawa a jini, maganin na iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Sanarwa kuma a yi ta da Hausa, ta bakin sarakunan Hausawa da limaman Juma'a, don masu gwaiwa da yawa kunya ke hana su zuwa asibiti.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wasu ma'aikatan ɗakin gwaji, Legas