Rahoton Ayyukan Shekara: Magungunan Feshi da Raguwar Kwaɗi a Fadamarmu

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya, shugabanni da sauran 'yan'uwa manoman rani.

A taron ƙarshen shekarar bara, wani dattijo daga cikinmu ya yi ƙorafin cewa ruwan farko ya sauka amma bai ji kukan kwaɗin da ya saba hana mutanen ƙauye barci ba, kuma ko da yake an yi dariya a lokacin, zauren ya ɗora wa kwamitin gudanarwa nauyin bin diddigin lamarin. A kan wannan aiki muka kashe mafi yawan lokacinmu a bana.

Mun fara da zagayen kududdufai da ƙananan magudanan ruwa bayan sallar isha'i, daga saukar damina har zuwa lokacin da shinkafa ta yi ciki. A kududdufan da ke nesa da gonaki mun tarar da ƙwan kwaɗo jere kamar carbi a cikin ciyawar bakin ruwa, kuma bayan 'yan kwanaki talibambam ya cika wurin. A inda ruwan kwamin shinkafa da na tumatir ke tsiyaya kuwa, shiru ya fi yawa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wani lungu da ma'aikatan feshi ke wanke injinansu, inda muka ga ruwan ya yi fari kamar an dama nono, matattun talibambam na yawo a samansa, ga kwalaben magani an watsar cikin laka.

Malamin gona da muka gayyato ya bayyana mana dalili. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatarsa yake tsotsa, kuma ƙwansa ba shi da ɓawo, saboda haka duk abin da ya narke a ruwa yana shiga jikinsa kai tsaye. Sannan lokacin da yake zuba ƙwai shi ne daidai lokacin da muke fesa maganin ciyawa. A shekarar 2002, Tyrone Hayes na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ya nuna cewa ɗigon maganin ciyawa mai suna atrazine kaɗan a ruwa yana rikita halittar haihuwa ta kwaɗi maza, kuma Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi tun 2004. A 2005 kuma Rick Relyea na Jami'ar Pittsburgh ya gano cewa wani maganin ciyawa mai suna Roundup yana hallaka talibambam, kuma an fi ɗora laifin a kan sinadarin da ake haɗawa da shi don ya manne wa ganye. Ƙididdigar duniya da aka fitar a 2023 ta nuna kashi 41 cikin ɗari na nau'o'in kwaɗi da danginsu na fuskantar barazanar ƙarewa.

Adalci ne mu faɗa cewa maganin feshi ba shi kaɗai ne mai laifi ba. Ana cike kududdufai ana gini, damina na yankewa kafin talibambam ya yi ƙafa, kuma masu kama burduddugi suna busarwa su kai kudancin ƙasa sun ƙaru. Sai dai kwamiti na ganin cewa a cikin waɗannan duka, feshi ne kaɗai ke hannunmu. Tun bayan annobar tsutsar Sharon da ta cinye tumatir a 2016, da yawanmu mun koyi ninka ma'aunin magani da haɗa iri biyu ko uku a inji ɗaya, alhali kwaɗon da muke kashewa yana kwana yana cin fara da tsutsa da sauro ba tare da an biya shi ko sisi ba. Garin neman ƙiba muna samo rama.

Mun yi zaman wayar da kai da matasan da ke feshi a kan lada, muka kuma haƙa ramin wanke injina nesa da ruwa. Waɗanda ke kusa da ramin suna amfani da shi, na nesa kuwa sun ce tafiyar na cinye musu lokacin aiki, kuma gaskiyarsu ce, domin rami ɗaya ba zai wadaci fadama guda ba. Mun kuma ja kunnen masu zuba maganin ƙwari na gamalin a tafki don kama kifi, tare da taimakon masu unguwanni.

Aikin tattara kwalabe ne bai yi nasara ba. Mun ajiye buhuna a bakin hanyoyin gonaki, amma yara suka riƙa kwashe kwalaben suna sayarwa, kuma mun ga ana zuba manja da fetur a wasu daga ciki, abin da ya fi matsalar kwaɗi muni. Dillalin da ya yi alkawarin karɓar su bai sake waiwayarmu ba.

Saboda haka kwamiti na neman amincewar zaure a kan ƙarin ramukan wanki kafin damina, da barin tazarar ciyawa marar feshi a gefen kowane kududdufi, da wajabta huda kwalba bayan an ɗauraye ta sau uku an juye ɗaurayen cikin inji. Ma'aji zai karanto kiyasin kuɗin ramukan bayan wannan rahoto, kuma muna tunatar da waɗanda ba su kammala kuɗin wata-wata ba su gan shi kafin a tashi.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.