Jinkirin zuwa likita ne ke hana mata da yawa sake haihuwa

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ni ungozoma ce da ta yi ritaya a Tawa. A shirinku na rediyo kan lafiyar iyali wani mai kiran waya ya ce duk macen da ta taɓa zubar da ciki ta yi bankwana da haihuwa, kuma ba wanda ya gyara masa. Maganar ba haka take ba, tsoron da take jefawa a zukatan mata kuwa yana da nasa illar.

Ba ina kare zubar da ciki ba ne. Matsayin addini sananne ne, dokar lafiyar haihuwa ta 2006 a Nijar ma ba ta yarda da shi ba sai in cikin na barazana ga rai ko lafiyar uwa, ko an gano mummunar cuta a jikin ɗan tayi. Abin da na sani a bakin aiki shi ne: cikin da ya fita, ɓari ne ko da gangan, in aka kula da mace da wuri a hannun ƙwararru, yawanci mahaifarta lafiya take komawa. Ɓarnar tana zuwa ne daga yadda aka yi, da kwanakin da aka ɓata ana ɓoyo.

Wadda ta sha jiƙe-jiƙe ko ƙwayoyin 'yan tebur, ko aka cusa mata wani abu a ɗaki, sau da yawa sai wani abu ya rage a ciki. Ragowar nan ita ke ruɓewa. Ƙwayoyin cuta su hau daga mahaifa su shiga hanyoyi biyun da ƙwai ke bi, su bar tabo. In duka biyun suka toshe, ciki ba ya shiga. In sun ƙuntace kawai, cikin na iya tsayawa a hanya, ya girma a wajen mahaifa har ya fashe, wannan kuwa sai tiyata cikin gaggawa. Duk wannan yana faruwa ne yayin da take kwance a gida tana cewa zazzaɓin cizon sauro ne, uwa ko yaya na dafa mata sassaƙe don kada unguwa ta ji. Shekaru bayan haka, an yi aure shiru, dangin miji sun fara zancen kishiya, sai a kama hanyar boka, alhali toshewar ta daɗe.

Wankin ciki ma iri-iri ne. Kankara da ƙarfe, musamman in an maimaita, kan sa bangon mahaifa ya manne, al'ada ta ragu ko ta ɗauke. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar shi a koma ga zuƙewa ko magani. Bakin mahaifa da aka buɗe da ƙarfin tsiya kuma yana iya kasa riƙe ciki na gaba, a yi ta haihuwar bakwaini.

Akwai abu biyu da ban taɓa jin an faɗa a rediyo ba. Macen da rukunin jininta Rhesus negatif ne tana iya buƙatar wata allura cikin awa 72 bayan fitar ciki, don kada jikinta ya yaƙi jinin jaririn da za ta ɗauka nan gaba. Mata nawa ne ma suka san rukunin jininsu? Sannan ciki na iya sake shiga cikin mako biyu kacal, tun kafin ta ga al'ada. Shawarar da ake bayarwa ita ce a huta wata 6, don haka kada ta bar likita ba a yi mata bayanin tazarar haihuwa ba.

Mu ma'aikata ma da namu. Yarinya ta zo tana zubar da jini, sai a tare ta da "me kika sha?" cikin tsawa a gaban jama'a. Ƙawarta da ta ji labari ba za ta zo ba sai ta galabaita.

Roƙona, ku gayyato likitan mata daga matarnite (asibitin haihuwa) Issaka Gazoby ta Yamai ko cibiyar uwa da yaro ta nan Tawa, ya faɗa da Hausa ƙarara: zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani, ruwa mai wari ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan fitar ciki, a tafi likita ranar, ba gobe ba. Ku sa shirin bayan isha'i, lokacin da maza ke gida, don su ne ke ba da izini da kuɗin mota.

Wassalam.
Wata ungozoma mai ritaya, Tawa