Ga mai kukan fumfuna a ɗaki: ki auna iskar gidanki tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka taimaka min da ɗan fili in amsa wa baiwar Allahn nan ta Fatakwal da ta rubuto kwanakin baya tana kukan fumfuna ta cinye mata atamfofi a cikin sif, har ta sa an sake wa ɗakin fenti sau biyu. Hajiya, ki daina asarar kuɗin fenti. Na sha irin wannan, kuma sai da na yi kusan shekara uku ina ɗora laifi a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Ni Bakatsine ne, aiki ya kawo ni Houston ta jihar Texas a Amurka. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san bushewa: da hunturu leɓe ya tsage, diddige ta yi faso, ka shanya riga kafin ka idar da la'asar ta bushe ƙayau. Nan kuwa garin yana kusa da Tekun Mexico, iskarsa a jiƙe take kusan duk shekara. Ban ɗauki abin da muhimmanci ba, tunda akwai iyakwandishan a gidan, sai ranar wata sallah. Na buɗe kabad da asuba zan ɗauko babbar rigata ta shadda, sai wani wari ya buge ni, irin na tsohuwar rijiya. Takalmin fatar da na zo da shi daga gida ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, hulata zanna ta yi ɗigo-ɗigon kore daga ciki. Da ƙananan kaya na je idi. Uwargida ta ce ni ne ke ajiye takalmi da gumi, ni kuma na ce ita ce ba ta turara ɗakin yadda ya kamata. Muka ƙara turaren wuta, warin ya zama biyu.

Wani maƙwabcina dattijo, wanda ruwa ya shiga gidansa lokacin guguwar Harvey a watan Agustan 2017, shi ya ba ni aron wani ɗan ma'auni da bai fi akwatin ashana biyu ba, mai nuna yawan danshin da ke cikin iska. Na ajiye shi a ɗakin kwana, da safe na ga 68. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar kada danshin cikin gida ya kai kashi 60 cikin ɗari, an fi so ya tsaya tsakanin 30 da 50. In ya daɗe sama da haka fumfuna ta samu gida, haka ma ƙananan ƙwarin ƙura da ke cikin katifa, waɗanda ke tayar wa masu asma da ciwonsu. A nan na gane dalilin da ya sa ƙaramin yaronmu ke kwana yana tari.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ai iyakwandishan ma tana cire ruwa daga iska, shi ya sa take ɗiga a waje. Ashe tana yin haka ne kawai yayin da take aiki, kuma zafi take bi, ba ruwanta da danshi. A watanni irin su Afrilu da Oktoba, da garin ba ya da zafi sosai amma iska na nan a jiƙe, sai ta yi minti biyar ta kai sanyin da aka sa mata ta kashe kanta. Ɗaki ya yi sanyi, jiki na danƙo. Tamu kuma ta fi ƙarfin gidan, saboda haka ta fi saurin tsayawa. Ni da kaina na ƙara dagula lamarin, don na bar fankarta tana juyawa dare da rana, tana maido da ruwan da ya taru a jikin ƙarfenta mai sanyi zuwa cikin ɗaki.

Na fara da ƙaramar na'urar tsotse danshi mai bokiti. Ta yi aiki, amma a ɗaki ɗaya, kuma kullum sai na zubar da ruwa safe da yamma kamar mai kiwon rago. Ranar da na manta sai ta cika ta tsaya. Daga baya muka sa babbar, wadda ake haɗawa da bututun iskar gidan gaba ɗaya a cikin rufi. Aikinta ba wani siddabaru ba ne. Kin san yadda kwalbar lemo ke zufa in an ciro ta daga firij? To haka ne: tana jawo iska ta bi ta kan ƙarfe mai sanyi, ruwan ya taru ya gangara ta tiyo zuwa magudana, iskar ta ɗan ɗumama ta koma ɗakuna a bushe. An rubuta a jikin tamu tana iya cire kusan lita 43 a yini. Na sa ta a 50 na manta da ita, sai wanke matatarta lokaci-lokaci. Kuɗinta da na mai haɗawa sun cinye min tikitin zuwa gida na wannan shekarar, kuma tana ƙara kuɗin wuta, ba zan ɓoye ba.

Amma Hajiya, ba cewa nake ki sayi irinta ba. Gidajen nan an gina su da bututun iska a rufi, wuta kuma ba ta cika ɗaukewa ba. Yawancin gidajenmu a Najeriya iyakwandishan ta bango ce, babu bututun da za a haɗa, kuma na'urar da ke buƙatar wuta dare da rana a kan janareto ai cinye mai gida za ta yi. Abin da ke damuna shi ne ginin da muke yi yanzu: tagogin gilas a rufe ruf, silin ɗin fiyofi, sif a manne da bangon banɗaki, babu ko ƙaramar kafar da iska za ta ratsa. Kakanninmu da ke fito da kaya su sha rana in an yi kwana biyu ana ruwa sun san abin da suke yi.

Ki fara da ɗan ma'aunin nan, ba shi da tsada. Ki duba rufi da bututun ruwa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu na'urar da za ta ci nasara a kan yoyo. Duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin fumfuna ta kama. Ki ja sif ɗin baya kaɗan daga bango, ki daina shanya a ɗaki. In duk da haka ma'aunin bai sauka ƙasa da 60 ba, ki nemi ƙarama mai bokiti ki sa a ɗakin da kayanki suke, ki rufe ƙofa da taga duk lokacin da take aiki.

Takalmin dai na goge shi ya dawo. Hular ce ta ƙi, har yau tana nan a leda, na kasa jefarwa don mahaifina ne ya ba ni.

Naka,
Wani Bakatsine mazaunin Houston, Amurka