Gardamar motocin lantarki: a dubi ƙaramar da ake rainawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in tsoma baki cikin wata gardama da ta kama fadodin matasa da garejojin Yamai, wato gardamar wace siffar mota ce ta fi, musamman yanzu da hotunan sababbin motocin lantarki suka cika Facebook da TikTok. Masu gardamar sun kasu gida uku. Akwai masu son shimfiɗaɗɗiyar mota mai but a baya irin su Corolla da Camry, waɗanda suke cewa ita ce motar mutunci. Akwai masu kat-kat, wato dogayen motoci masu ja da tayoyi huɗu, irin su RAV4 da Prado, waɗanda ba su yarda mota ta cika mota ba sai an ɗaga ƙafa an hau ta. Sai kuma ƴan a-kori-kura, waɗanda a wurinsu magana ta ƙare tun ranar da aka ƙera Hilux. Tsakanin shayi na fari da na biyu za ka ga waya tana yawo hannu zuwa hannu, wannan ya buɗe hoton fitilun gaba da yatsu biyu, wancan ya ƙwace ya nuna faɗin taya, kuma har a wanke kofuna ba za ka ji wanda ya tambayi girman batir ko inda za a yi caji ba.

Ra'ayina shi ne, a motar lantarki siffa ba ado ba ce kawai, domin ita ce take yanke nisan da motar za ta iya zuwa, kuma idan aka bi wannan ma'auni za a tarar cewa wadda ta fi dacewa da mu a yau ba ta cikin ukun nan da ake rigima a kansu.

Dalilin yana cikin yadda ake ƙera motocin. Kusan dukansu ana shimfiɗa musu batir ne a ƙarƙashin daɓe, tsakanin tayoyin gaba da na baya, kuma nauyinsa yakan kai ɗaruruwan kilo. Duk lokacin da aka ƙara wa mota tsawo da faɗi, sai ta ƙara tunkarar iska, kuma a kan babbar hanya mafi yawan ƙarfin mota wajen keta iska yake tafiya. Motar fetur ma tana biyan wannan farashi, sai dai ba a ji sosai saboda cika tanki aikin minti biyar ne. A motar lantarki kuwa, ƙarama mai sauƙin jiki takan ci kilowat-awa (ma'aunin yawan wutar lantarki) 12 zuwa 15 a kilomita 100, babbar a-kori-kura kuma tana iya cin ninkin haka, sai a ƙara mata batir, batirin ya ƙara nauyi, nauyin ya ƙara ci, farashi kuma ya hau.

Bari in fara da Hilux, tunda ita ce ta fi magoya baya, kuma ba a banza ba. Duk wanda ya san hanyar Tawa zuwa Abalak da Agadas, ko ya taɓa shiga yashin Cintabaraden, ba zai yarda a ci mutuncin wannan mota a gabansa ba. A watan Nuwamban 2025 kamfanin Toyota ya nuna sabuwar Hilux, har da samfurin da lantarki kaɗai yake tuƙawa, kuma murna ta ɓarke a fadodi. Amma batirinta kilowat-awa 59 ne, kuma kamfanin da kansa ya ce tafiyarta wajen kilomita 240 ce bisa ma'aunin gwajin Turai, inda babu zafin watan Afrilu irin namu, babu na'urar sanyaya mota da ke aiki tun daga tashi har sauka, babu buhunan albasar Galmi a baya. Daga Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne ta Doso da Dogonduci da Birnin Ƙonni, hanyar da gidajen mai ne suke jere a bakinta, ba tashoshin caji ba. Da wannan lissafi, motar da ta tashi daga Yamai da cikakken caji ba za ta ga Dogonduci ba. Su kansu masu ƙera motocin sun san wannan rauni, shi ya sa a-kori-kurar da kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fitar a 2024, mai suna Shark, take ɗauke da injin fetur tare da batir. Ita kuwa Cybertruck ta Tesla, wadda aka fara miƙa wa masu saye a ƙarshen 2023 da jikinta na ƙarfe marar tsatsa, ban ga abin da ya haɗa ta da mu ba in ban da kallo, domin ko makanikenmu mafi gwaninta wajen buga jiki ba zai so a kawo masa ita bayan ta yi karo ba.

Masu shimfiɗaɗɗiyar mota suna da gaskiya ta fuskar iska, domin ita ce ta fi zuwa nesa da caji ɗaya. Matsalarta tana ƙasa. Da zarar an bar kwalta an shiga unguwannin bayan gari, abin da ke jiran mota shi ne yashi da ramuka da duwatsun da ruwan sama ya tono, ga tuddan rage gudu da kowace unguwa take ginawa yadda ta ga dama, sannan ga damina, lokacin da wasu titunan Yamai suke komawa tafki. Ku leƙa kowane gareji ku dubi cikin tsohuwar Corolla da aka ɗaga, za ku ga tukunyar man inji a lotse, bututun hayaƙi ɗaure da waya, da tabon walda sama da ɗaya. Wannan ɓarna ce mai arha, makanike zai kwanta a kan kwali ya gyara ta kafin la'asar. A motar lantarki, abin da yake wannan wuri shi ne akwatin batir, wanda ya fi kowane sashe na motar tsada, kuma ba a yi masa walda a bakin titi.

Sai a ce to kat-kat ta yi nasara, tunda ma Model Y ta Tesla, wadda ake lissafawa cikin dogayen motoci, ita ce aka fi saye a duniya a 2023. A nan ma sai an yi hattara, saboda da yawa daga cikin motocin lantarkin da ake kira kat-kat a talla jikinsu ne kawai ya yi tsawo, cikinsu kuwa bai ɗaga daga ƙasa fiye da na Camry da wani abin kirki ba, wasunsu ma tayoyi biyu kaɗai ke ja. Wanda zai sayi irinsu ya tafi da abin awo a aljihu ya auna tazarar da ke tsakanin akwatin batir da ƙasa, kada ya tsaya kallon rufi.

Duk wannan kuma kafin a zo maganar wuta. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin da NIGELEC, kamfanin wuta na ƙasa, take rabawa daga Najeriya yake zuwa, kuma ba mu manta ba yadda aka yanke shi a watan Agustan 2023 saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, bai dawo ba sai a watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage raɗaɗi a Yamai, ta Malbaza mai megawat 7 tana aiki a jihar Tawa tun 2018, ana kuma jiran madatsar Kandaji mai megawat 130, amma har yanzu idan bazara ta yi tsanani kowa ya san yadda ake raba wuta unguwa-unguwa. Soket na gida yakan ba da wajen kilowat 2 ne kawai, wanda ke nufin batirin waccan Hilux zai buƙaci kusan awa 30 kafin ya cika, in har ba a ɗauke wuta ko sau ɗaya ba. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024, wasu kuma suna cewa mu yi koyi da ita, sun manta cewa ita tana da madatsar ruwa mai ba da megawat fiye da 5,000.

Kada a ɗauka ina kira ne a rufe babin motar lantarki. Wanda ya kwana a layin gidan mai a watan Maris na 2025, lokacin da fetur ya yi ɓatan dabo duk da matatar SORAZ ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, ya san cewa dogaro da fetur kaɗai ma ba tsira ba ne. Rana kuwa muna da ita har ta yi mana yawa. Abin da nake cewa shi ne a fara daga inda lissafi ya fita, kuma lissafin ya fita ne a ƙaramar motar cikin gari, mai gajeren baya da ƙofar kaya, irin siffar Starlet ɗin da masu tasi suka daɗe suna neman abinci da ita daga Wadata zuwa Harobanda. Tafiyar tasi gajera ce, a hankali, tsaya ka tashi, kuma a irin wannan tafiya ne motar lantarki ta fi ƙwazo, domin ba ta cin kome a tsaye in ban da abin da na'urar sanyayawa ta ja, idan kuma aka taka birki tana mayar da wani ɓangare na ƙarfin cikin batir. Irin waɗannan motoci sun riga sun fito: BYD Seagull ta 2023 mai batir kilowat-awa 30 ko 39, Dacia Spring ta 2021 mai wajen 27, da sabuwar Renault 5 ta 2024 mai 40 ko 52. Batir mai kilowat-awa 30 caji na dare ɗaya da ɗan ƙari ya ishe shi, kuma rumfa mai farantan hasken rana a tasha za ta iya ƙara masa yayin da direba yake sallar azahar da cin abinci.

Ga kuma kuɗi. Bisa farashin fetur na sefa 499 kowace lita da aka yanke a watan Yulin 2024, tasin da take shan lita 7 a kilomita 100 tana cin kusan sefa 3,500. Ƙaramar motar lantarki mai cin kilowat-awa 15, ko da an ƙaddara kowane ɗaya a sefa 150, ba za ta wuce sefa 2,250 ba, sannan babu canjin man inji, babu fulogi, babu kulocin da cunkoson gadar Kennedy zai cinye. Ƴan'uwanmu na Benin da Togo sun ma fara daga abin da ya fi haka ƙanƙanta, inda kamfanin Spiro yake ba masu kabu-kabu baburan lantarki, su ajiye batirin da ya ƙare su ɗauki cikakke cikin ƴan mintuna.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da masu gardamar ba su taɓo ba. Motocin da ake kallo a waya sababbi ne, amma kowa ya san cewa motar da take isowa hannun ɗan Nijar tsohuwa ce da ta gama yayinta a Turai ko Amurka, ta biyo ta tashar Kwatano a da, ta Lome a yanzu. Tsohuwar motar fetur makanike yana gane lafiyarta da kunne da launin hayaƙi, amma tsohuwar motar lantarki tana iya zuwa da fenti mai ƙyalli da kujeru masu tsabta alhali batirinta ya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Zafi kuma babban abokin gabar batir ne, kamar yadda duk wanda ya bar wayarsa a rana har batirinta ya kumbura ya sani. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010, ba ta da ruwan sanyaya batir, kuma tun a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi yake kusa da namu, suka fara kukan batir yana mutuwa da wuri. Irin waɗannan ne za su fi arha a kasuwar tsofaffin motoci, don haka su ne za su fara cika filayen dillalanmu.

Saboda haka ina kira ga hukumar duwan da ma'aikatar sufuri da su shardanta cewa duk motar lantarkin da za ta shigo sai ta zo da takardar gwajin da ke nuna yawan ƙarfin da ya rage wa batirinta, a kuma samu na'urar tabbatar da hakan a wurin binciken lafiyar motoci. Ya kamata makarantun koyon sana'a su fara horar da kanikawa tun yanzu, domin batirin irin wannan mota yana ɗauke da wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt, kuma yaron gareji da ya saba taɓa waya da hannu don ya ji ko akwai wuta ba zai samu damar yin kuskure sau biyu ba. Ƴan kwana-kwana ma suna buƙatar horo, saboda gobarar batir tana da wuyar kashewa kuma tana iya sake tashi bayan an yi zaton ta mutu.

Kai kuma, Malam Edita, roƙona gare ka shi ne duk lokacin da jaridarka za ta buga hoton sabuwar motar lantarki, a rubuta abubuwa huɗu a ƙarƙashinsa: girman batir, nisan tafiya, tazarar cikinta daga ƙasa, da kuma ko ana sanyaya batirin da ruwa. Zai kuma yi kyau ka tura wakilinka ya yi yini guda a tasi, ya rubuta kilomita nawa aka yi, lita nawa aka sha, da awa nawa motar ta yi a tsaye, domin masu neman zuba jari a tashoshin caji su samu alƙaluman da aka auna a titunan Yamai.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai karatu daga Yamai