Wasiƙa ga Iyaye da Masu Riƙon Yara: Jakunkunan Lalube na 'Yan Ajin Raino

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Muna gaisuwa, da fatan hunturun nan bai takura wa kowa ba.

Maganar jakunkunan lalube ce ta sa na rubuto, waɗanda 'yan aji biyar da shida za su ɗinka wa ƙannensu na ajin raino, a raba ranar rufe zango. Iyaye da dama sun tare ni a bakin ƙofa suna tambaya, to ga bayani. 'Yar jaka ce da ba ta wuce faɗin littafin rubutu ba, an yi mata taga da leda mai kauri da ake ganin ciki, irin wadda ake shimfiɗa wa tebur. A zuba gero ko shinkafa, a jefa wuri, maɓalli, tsohon makulli, murfin kwalba, a ɗinke baki ruf. Yaro na murzawa yana jujjuyawa har abin ya leƙo ta tagar. Uwa ta ce "nemo mini makulli", sai ya duƙufa, yatsu na aiki, yana koyon sunaye da launi da ƙirga. Malamar ajin raino ce ta ɗinko ta farko da kuɗinta, kuma na ga yaran da ba sa zama wuri ɗaya suna layi a kanta. Allah ya saka mata da alheri, ba yau ta fara ba.

A aiko da ƙyallen atamfa ko shadda mai ƙwari. Telan unguwa ma zai ba ku, ba sai an je Kantin Kwari yankar yadi ba. Amma ƙyalle na ce, ban ce tsumma ba. Abin da wasu suka aiko makon jiya ko goge allo ba zai yi ba. Gero a sheƙe shi, a shanya sosai saboda ƙwari. Leda da zare makaranta za ta saya.

Inda nake so a saurara da kyau: cikin abubuwan da za a jefa a jakar, ban da allura, fil, ƙusa, reza da ɗan kunne. Ban da maganaɗisu, domin yaro in ya haɗiye biyu suna iya manne hanjinsa. Ban da ƙaramin batirin agogo, wanda kan ƙona maƙoshi cikin awa 2 in ya maƙale. A Amurka, dokar kayan wasa ta ɗauki duk abin da ya shige bututu mai faɗin santimita 3.17 a matsayin abin da zai iya shaƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 3, kuma kusan duk abin da ke cikin jakar nan bai kai haka ba. Ke nan ɗinkin shi ne komai. Yara za su yanka, su yi ado, su haɗa gefe uku da hannu, sannan malamar ɗinki ta bi kowane gefe sau biyu da keke. Kowace jaka sai na ja ta da hannuna kafin ta fita ofis. In ta zo gida, a riƙa duba bakinta, kada a wanke ta, kada a bar wa mai rarrafe shi kaɗai.

Na san halin wasunku: lokacin aikin hannu sai a sayo tsintsiya a kasuwa a miƙa wa yaro. Wannan karon duk jakar da tela ya ɗinka muna gane ta, kuma babu maki.

A kawo kayan zuwa Alhamis. Masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu. A sa wa yara rigar sanyi da man leɓe. Taron iyaye da malamai ranar Asabar da ƙarfe 10, iyaye maza ma ana gayyatarsu.

Wassalam,
Shugabar Makaranta