Wariya wajen ɗaukar aiki a Birtaniya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in yi tsokaci kan halin da baƙar fata da 'yan Asiya ke ciki wajen neman aiki a Birtaniya. A 2019, masu bincike a Kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford suka gano cewa sai ɗan tsiraru ya aika takardun neman aiki da suka zarce na Bature da kashi 60 cikin ɗari kafin a kira shi, alhali ilimi ɗaya, ƙwarewa ɗaya. Mai asalin Najeriya kuwa, kashi 80! Sunansa da asalinsa kaɗai suka jawo masa. Abin da ciwo, domin dokar daidaito ta 2010 ta haramta wannan. A tilasta wa kamfanoni ɓoye sunaye yayin tantance takardu.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano